Takobi na shekara guda ne, ɗan kokowa fa?

Jama'a masu karatu, tun da aka buɗa kokowar ƙasa a Tawa cikin shekarar 1975, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, babu wani wasa da ke tsaida harkokin ƙasar nan kamar ta. Jihohi 8 kowace ta turo ƴan kokowa 10, a yi ta gwabzawa har a samu mutun guda wanda bai taɓa ƙasa ba. Mu da ke aikin rediyo mun san yadda kasuwa ke mutuwa a Konni da Malbaza da Illela lokacin karon ƙarshe, kowa ya manna kunne ga akwati.

To amma abin tambaya shi ne, ina makomar ɗan kokowa in an naɗe tabarma?

Mu dubi abin da ya faru kwanan baya. A ƙarshen 2023 a Agadas, Kadri Abdu da aka fi sani da Isaka Isaka na jihar Doso ya ɗauki takobinsa na 6, abin da babu wanda ya taɓa yi. Shekara guda bayan haka, cikin Disamban 2024, a gidansa, a filin Salma Ɗan Rani na Doso, Abba Ibro na jihar Tawa ya kada shi a karon ƙarshe. Mu mutanen Adar mun yi murna, kuma mun cancanci yinta. Sai dai wannan kaye ya nuna muna cewa ko sarkin sarakuna minti guda ya isa ya sauko da shi. Isaka ya tara abin da zai riƙe shi. Sauran 78 da ba su kai karon ƙarshe ba fa?

Mafi yawansu manoma ne. Yaro ya taso a Bazaga ko wani ƙauye na kewaye, ya fara kokowar dandali bayan an cire amfanin gona, a zaɓe shi a komin, a zaɓe shi a gunduma, ya shiga cikin goman jiha. Ya bar aikin albasa ko tafiya cin rani Sakkwato da Abijan don ya yi horo. In kaye ya same shi ranar farko, sai ya koma gida da ɗan abin da aka ba shi da bashin malamai da makaɗa. In kuwa gwiwa ko kafaɗa ce ta goce, jinya ta rage tsakaninsa da danginsa.

Akwai wani wasa a Ingila da ake jifar faifai da ƙananan kibau, suna kiransa darts, wanda zai iya ba mu misali. Can ma ana hawa ana faɗuwa. Eric Bristow ya zama zakaran duniya har sau 5 tsakanin 1980 da 1986, daga baya wata larura ta kama shi, hannunsa ya riƙa ƙin sakin kibiya, bai sake ɗaukar wannan kambi ba. A Janairun 2025 kuma yaro ɗan shekara 17, Luke Littler, ya zama zakara, ya karɓi fam dubu 500. Bambancin shi ne, su can ana gasa duk tsawon shekara, ana jera ƴan wasa bisa kuɗɗin da suka ci cikin shekara 2, kuma suna da ƙungiyarsu da ke kare hakkinsu. Wanda ya faɗi yau yana da wata dama cikin ƴan kwanaki. Namu kuwa cilas ya jira wata 12.

Saboda haka muna ganin akwai abubuwa uku da ya kamata magabata su duba. Na farko, hukumar kokowa ta ƙasa da ma'aikatar wasanni su tsara gasa mai maki tsakanin gundumomi daga kaka zuwa bazara, yadda ɗan kokowa zai samu abin sawa aljihu a kai a kai. Na biyu, a ware wani kaso daga kuɗɗin shiga fili da na kamfanonin da ke talla, a buɗe asusun jinya da na tsofaffin ƴan kokowa. Na uku, attajirai da ƴan siyasa da ke rige-rigen yin kyauta gaban kyamara su tuna da wanda aka kada, ba sai mai takobi kaɗai ba.

Mun raɗa wa filayenmu sunayen mazan jiya: Kantu a Maraɗi, Langa-Langa a Damagaram, Hamidin Mai Dare a Tawa. Wannan karramawa ce mai kyau, amma suna a bango ba ya sayen magani. Masu iya magana sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. In matasan Bazaga suka ga gwanin jiya yana ɗingishi babu mai waiwayarsa, gobe da wuya mu samu wanda zai ɗaura walki ya shiga fili da sunan Tawa.

Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.