Kuɗin Ciyar Da Yara: Kotunan Ƙasar Daura Na Neman Masu Tsaya Wa Aikin

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar kuɗin ciyar da yara bayan aure ya mutu, da kuma mutanen da ya kamata a ce su ne ke tsaye a kan wannan aiki a kotunanmu na ƙasar Daura. Ni dai ɗan tireda ne, ban yi karatun lauya ba, amma mai shago yakan ga abin da alƙali ba ya gani, domin wurinmu ake zuwa cin bashin garin masara da sabulu duk ranar da uban yara bai aiko ba.

Da farko dai, jama'a, doka ba ta bar mu cikin duhu ba. A mazhabar Malikiyya, wadda da ita kotunanmu ke hukunci, idan aka rabu riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba, gwargwadon ƙarfinsa da abin da aka saba a garin. Idan uwar ta yi wani aure, riƙon yakan koma hannun kakarsu ta wajen uwa, amma nauyin ciyarwa bai sauka daga kan uban ba ko kaɗan. Wannan yana nan cikin Risala da Muhtasar da Tuhfa, littattafan da kowane alƙali ya yi gwiwa biyu a kansu. Bugu da ƙari, gwamnatin tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Katsina kuma ta yi tata dokar ta kare yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. To, in doka ce, akwai ta har da ragi.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an tashi daga zaman kotu. Mace ta biya kuɗin sammaci, ta yi zirga-zirga daga ƙauyensu sau uku ko huɗu, alƙali ya yanke cewa uba ya riƙa ba da kaza duk wata. Wata na farko ya kawo, na biyu ya kawo rabi, na uku ko ƙeyarsa ba a gani ba. Sai ta sake hawa mota ta zo ta faɗa, a sake rubuta sammaci, a ce ta ba da kuɗin man da za a kai shi. In ka yi lissafi, abin da ta kashe wajen bin kuɗin ya kusa cinye kuɗin. A ƙarshe ta ce ta bar shi da Allah, ta ɗora wa yarinya tallar gyaɗa, namijin kuma a tura shi gabas da allo da ƙoƙo. Takardar hukunci tana nan cikin ƙwalla a naɗe, ba ta ƙosar da kowa ba.

Ƙasarmu kuma tana da nata ƙarin wahalar. Ƙananan hukumomi 5 ne a masarautar nan, Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, kuma yawancinsu kan iyaka suke. Mutum ya ji an kawo masa sammaci, sai ya bi ta Kwangwalam ya faɗa Nijar wajen dangi a Matamaye ko Magarya, ko ya ce ya tafi cirani Legas ko Fatakwal. Takardar kotun Katsina ba ta da ƙafar da za ta bi shi Damagaram. Amma abin mamaki, wannan mutumin da aka ce ya ɓata, ran Lahadi za ka gan shi a kasuwar Mai'aduwa yana cinikin bijimi. Kowa ya gan shi, ban da kotu, don kuwa babu wanda aka ɗora wa aikin ganinsa.

Akwai wata mas'ala da yawancin mata ba su sani ba, ni ma wani malami ne ya fahimtar da ni. A Malikiyya, ciyarwar ɗa ba kamar ta matar aure ba ce. Idan watanni suka wuce uba bai bayar ba, alhali alƙali bai taɓa yanke masa adadi ba, to abin da ya wuce yakan wuce ke nan, sai fa in wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi. Wato matar da ta yi shekara biyu tana kawaici don kada a ce ta kai uban 'ya'yanta ƙara, tana iya zuwa kotu ta tarar mafi yawan abin da take tsammani ya zube. Kalma guda daga bakin wanda ya san doka, tun watan farko, da ta tsare mata wannan. To wa zai faɗa mata? Lauyoyi sun fi yawa a Katsina da Kano, ofishin Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976 don talakawa, yana Katsina, tafiyar kilomita wajen 80 daga nan, balle wadda ta taso daga Baure.

Wannan ya kawo ni ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Aikin nan mutane yake so, kuma aiki ne na albashi da fansho, ba na sa-kai ba. Kotun shari'a ba alƙali kaɗai ba ne. Akwai magatakarda mai riƙe da rajista da kuɗin da aka kawo, akwai akawu mai rubuta zaman kotu, akwai mai kai sammaci da zartar da hukunci, akwai sufetocin da ke zagayawa duba ayyukan kotuna. Daga ƙaramar kotu ana hawa zuwa babbar kotun shari'a, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai. Tsarin mulkin 1999 ya ce kafin mutum ya zama ƙadi a wannan kotu sai ya riƙe shaidar karatunsa na shari'a aƙalla shekara 10. Hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha, wadda Babban Joji ke shugabanta, ita ke ɗaukar na ƙasa da yi musu ƙarin girma da ladabtarwa. Tsani ne sosai, mai matakai, kuma da yawa daga alƙalanmu daga teburin magatakarda suka faro.

Wurin koyo ma ba nisa. Ga kwalejin koyon shari'a a cikin garin Daura, wadda aka sa wa sunan marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, inda yaro zai yi difloma yana kwana a gidan ubansa. Mai son ya zama cikakken lauya sai ya yi shekara 5 a jami'a, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko ta Bayero a Kano, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, sannan shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda. Abin ba baƙo ba ne a gare mu. Tun 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano. A 1968 gwamnati ta karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e suka zama kotunan yanki, a 2000 kuma, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, suka koma kotunan shari'a. Jihar nan ce ta fitar da Mai Shari'a Muhammadu Bello wanda ya yi Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, da Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina, da Mai Shari'a Umaru Abdullahi, Walin Hausa, waɗanda dukansu biyu suka shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya.

To me ya sa duk da haka shari'ar ciyarwa ta zama marainiya? Amsar a fili take, ba maiƙo. Yaron da ubansa ya sayar da gona ya yi masa karatun lauya, idonsa na kan shari'ar zaɓe da ta filaye da ta kamfanoni. Wace bazawara ce za ta biya lauya alhali abin da take nema bai kai kuɗin man motarsa ba? Ni ban ga laifin yaran ba, kowa inda zai ci yake nufa. Shi ya sa a nawa ganin ba a bar wannan aiki ga kasuwa ba, gwamnati ce za ta ɗauki mutum ta biya shi albashi don shi kaɗai. Ma'aikatan kotu su ma a duba su. Mun ga yadda yajin aikin ƙungiyarsu a 2021 ya rufe kotunan ƙasar nan wata biyu cur. Mai kai sammacin da ba a ba shi babur ba, ba a ba shi mai ba, dole ya miƙa hannu, kuma hannun nan wajen mai ƙara yake fara zuwa, in wanda ake ƙara ya fi ta nauyin aljihu kuwa, sai a dawo a ce ba a same shi ba.

Turawa ma da muke gani sun sha wannan fama. Amurka ta kafa shiri na musamman a 1975 don karɓo kuɗin ciyar da yara, akasari daga albashin uba ake cirewa tun kafin ya shiga hannunsa, kuma akwai lauyoyi da ma'aikata da ba su da wani aiki sai wannan. Ingila ta kafa tata hukumar a 1993, ta yi ta tuntuɓe har daga baya aka sauya ta da wata. Ba cewa nake mu kwafo nasu ba, don yawancin mazanmu manoma ne da 'yan kasuwa, ba su da albashin da za a cira. Amma ma'aikacin ƙaramar hukuma da malamin firamare fa? Nasu ai mai sauƙi ne. Manomi kuma a yanke masa da damin gero da kaka, kamar yadda alƙalan da suke yi da mudu da tiya, maimakon a ɗaura masa kuɗin wata da ba shi da shi da bazara.

Maganar mudu ta tuna mini da wani abu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da kasuwa ta zama. Gwamnati da kanta ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira dubu 30 zuwa dubu 70 a 2024. Amma matar da aka yanke wa, a ce, dubu 5 a wata tun 2019, har yau dubu 5 ɗin ce a takarda, in ma ana biya. Tana da damar komawa ta nemi ƙari, sai dai ba wanda ya gaya mata.

Saboda haka ina kira ga Babban Joji da Alƙalin Alƙalai na Jihar Katsina da su ware ma'aikaci guda a kowace kotun shari'a ta ƙasar Daura, wanda aikinsa kawai shi ne rajistar ciyarwa, wa ya biya, wa bai biya ba, ya kai wa alƙali sunayen duk ƙarshen wata ba sai mace ta sake biyan kuɗin sammaci ba. A ɗauko su daga masu difloma da ke zaune a gida ba aiki. A haɗa su da masu unguwanni da dagatai, don mai unguwa ya san wanda ya tafi cirani da gaske da wanda ya laɓe a ɗaki. Nan ne muke roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ya sa baki, domin kalmar fada tana kaiwa inda babur ɗin kotu ba ya kaiwa.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan kasuwa da manoma, a bar raina aikin kotu ana cewa sai likita ko kwastan. Musamman 'ya'ya mata. Akwai abin da mace ba za ta iya faɗa wa namiji a gaban jama'a ba, na ciki ko na shayarwa ko na abin da ya faru a ɗaki, sai ta yi shiru haƙƙin ɗanta ya tafi. Da za ta tarar da 'yar'uwarta mace a teburin magatakarda, ko lauya mace, da bakinta ya buɗe. Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar ta riƙe kujerar Babban Jojin Nijeriya daga 2012 zuwa 2014, saboda haka kada wani ya ce mana 'yar Sandamu ba za ta iya riƙe rajista ba. Kwalejin tana nan kusa, kuɗin motar zuwa ma wasu ba sa bukata.

Ina fata wani daga cikin alƙalanmu ko lauyoyinmu zai amsa ta wannan shafi, ya ƙara mana haske a kan mas'alar watannin da suka wuce ba a biya ba, don mata da yawa na jiran jin ta. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Kasuwar Daura, Jihar Katsina.