Hoto mai nauyi, rezo mai rauni

Ɗan kasuwar Maradi da ke son nuna wa abokin cinikinsa na Agadas sabuwar shadda, da ma'aikacin gwamnati da aka ce ya aika dosiye ta intanet, matsalarsu guda ce: hoton da salula ke ɗauka ya fi ƙarfin rezon da zai yi dakonsa. Salula mai megapiksel 12 tana fitar da hoto mai ɗigo 4000 a kwance da 3000 a tsaye, nauyinsa kuma yakan kai mega 3 zuwa 5. Hotuna ashirin sun isa su lashe mega 60 zuwa 100 na forfe, in ma sun tafi ke nan.

Alhali kuwa allon da za a kalli hoton, ko da na kwamfuta ne, galibi bai wuce ɗigo 1920 a kwance ba. Abin da ya haura wannan kaya ne da aka biya kuɗin motarsa, amma ba mai ganinsa. Saboda haka aikin farko shi ne a yanke gefen da ba shi da amfani, sannan a rage girma. In aka mai da hoton 1600 da 1200, an sauke fiye da kashi 80 cikin 100 na ɗigon, kuma a kan allo ido ba zai ce an taɓa shi ba.

Aiki na biyu, wato matsewa, nan ne ake yawan ɓata kaya. Tsarin JPEG, wanda ya fito a 1992, yana rarraba hoto zuwa ƙananan gidaje masu ɗigo 8 sau 8, ya zubar da bayanan da ido bai cika kula da su ba. Ya dogara ne ga wani hali na idon ɗan Adam: ya fi gane bambancin haske da duhu a kan bambancin launi. Ke nan masu cewa ana matse JPEG ba tare da an yi asarar komi ba, sun faɗi abin da ya fi gaskiya daɗi. Asara kam ana yi; gwaninta ita ce a tsaya kafin ido ya gane. A mafi yawan manhajoji, irin su Squoosh da kamfanin Google ya fitar a 2018, ma'aunin inganci tsakanin 75 da 85 ya wadatar. In aka sauka ƙasa sosai, sai gidajen nan su fito fili, gefen zane ya dagule, kuma jan launi ne kan riga shan wahala. Mai sayar da atamfa ya san abin da wannan ke jawowa: mai saye ya ce ba launin da ya gani ba ne, kaya su dawo, ciniki ya ɓaci.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne asarar taruwa take yi. Duk lokacin da aka gyara JPEG aka sake adana shi, sai ya ƙara zubar da wani abu, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Hoton da aka matse a salula, WhatsApp ya sake matsewa, wani ya ɗauki hoton allonsa ya tura gaba, ya zama shayin da aka dafa har sau huɗu. Don haka a ajiye na asali, a yi aiki da kwafi, a matse sau ɗaya tak.

Takardun dosiye kuwa hukuncinsu daban. Rubutu da hatimi ba su jure matsewar JPEG kamar fuska ko kaya, domin gefen haruffa kaifi gare shi. In ba a bukaci launi ba, gara a mai da takardar baƙi da fari, wanda ke rage nauyi ba tare da taɓa haruffa ba. Kafin a aika, a buɗa hoton a duba lambobi, da kwanan wata, da sa hannu, domin takardar haihuwar da hatiminta bai karantu ba tana iya sa a mayar da dosiye bayan an rufe karɓa. In kuma wanda ake aika wa bugawa zai yi a kan takarda, to kada a rage komi: a tura na asali ta WhatsApp a matsayin fayil, domin ta nan ba ya matse shi.