Ra'ayi: Tsohuwar kwamfutar wasa, a faɗa wa mai saye gaskiya

Jama'a masu karatu, musamman ƴan'uwana ƴan kasuwa na bakin iyaka, daga Birnin Konni zuwa Illela, daga Dan Isa zuwa Jibiya, yau da ku nake. Kwanan baya wani saurayi mai ɗakin wasan kwamfuta ya same ni a gidan rediyonmu, ransa a ɓace. Kwamfutarsa ta tsufa, ba ta ɗaukar sabon wasan ƙwallo, yara sun koma ɗakin maƙwabcinsa. Ya tara kuɗi ya sayo sabuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa na'ura lissafi. Da ya kai wa mai gyara, sai aka ce ba za ta zauna a gurbinta ba. Ya koma wurin mai kanti, aka ce masa kayan da ya fita ba ya dawowa.

Ni a ganina laifin ba na yaron ba ne shi kaɗai. Wanda ya karɓi kuɗinsa ya kamata ya fara tambayarsa irin na'urar da yake da ita.

Abin da ya kamata kowane mai sayar da waɗannan kaya ya sani shi ne, abubuwa uku ne ke tafiya tare kamar duwatsun murhu: furosesa, da babban allon da komai ke zama a kansa wanda masu gyara ke kira madabod, da kuma memori, wato ram. In ka taɓa ɗaya, sau da yawa sai ka taɓa sauran biyun.

Ga dalili. Kowace furosesa tana da irin gurbinta. Core i5-2400 ta kamfanin Intel, wadda ta fito a 2011 kuma har yanzu ana ganinta cikin kayan gwanjo, tana zama ne a gurbin LGA 1155. Ta zubi na huɗu, na 2013, gurbinta LGA 1150. Lambobin sun yi kama, amma ɗaya ba ta shiga gidan ɗaya. Akwai ma tarkon da ya fi wannan: zubi na shida da na bakwai, da kuma na takwas da na tara, duk sunan gurbinsu LGA 1151, amma furosesa ta zubi na takwas ba ta tashi a kan allon zubi na shida. Haka ita ma memori. DDR3 ta 2007 ba ta shiga ramin DDR4 ta 2014, ita kuma DDR4 ba ta shiga ramin DDR5, domin tsagar da ke ƙasan kowace a wuri dabam take. Mai dannawa da ƙarfi asara biyu zai yi.

A ɓangaren kamfanin AMD kuwa akwai sauƙi. Gurbin AM4 ya ɗauki furosesa Ryzen tun daga zubin 2017 har zuwa jerin 5000, kuma alluna da yawa suna karɓar sabuwa muddin an sabunta musu BIOS kafin a cire tsohuwar. Wanda ke da irin wannan allo yana iya canza furosesa kaɗai ya riƙe memorinsa. Wannan labari ne da ya kamata mai kanti ya faɗa, ko da cinikin ranar zai ragu.

Me ya sa nake wannan magana yanzu? Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Ita kuma Windows 11, a ƙa'idar kamfanin, tana son furosesa ta Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000. Duk ɗan kasuwa ya san inda kayan da ofisoshin Turai da Amurka suka gaji da su ke ƙarewa. Araha za ta yi yawa, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Yaron da ya zuba jarinsa a allon 2012 yau, gobe zai sake ɗaukar ɗawainiya.

Wani zai ce mini, malam, ai kasuwa ce, mai saye ya buɗe idonsa. To, ni ban yarda ba. Mai saye a nan ba baƙo ba ne, ɗan unguwa ne, ka san mahaifinsa, kuma kuɗin nan wataƙila adashin mahaifiyarsa ne. In ka cuce shi sau ɗaya, duk abokansa sun ji. In ka shiryar da shi, shi zai kawo maka su.

Don haka ga shawarata. Kafin ka sayar, ka sa a karanto maka sunan allon, yana rubuce a jikinsa. Ka riƙa sayar da ukun nan a haɗe, a kunna su gaban mai saye ya gani da idonsa. Ka tambaye shi katin hotonsa, domin a harkar wasa sau da yawa shi ne ke jan ƙafa ba furosesa ba. Ka duba akwatin wutarsa ko zai iya ɗaukar sabon nauyi, ka kuma sanar da shi cewa yawancin kwamfutocin ofis na HP da Dell suna da nasu irin allo da mahaɗin wuta, ba kowane allo ke zama a cikinsu ba. Wani lokaci ma maganin bai kai haka tsada ba: a kakkaɓe ƙurar hunturu, a sake shafa man sanyaya furosesa, a ƙara memori zuwa giga 8 ko 16, a sa faifan SSD.

Ku kuma samari, kada ku je kasuwa hannu na dukan cinya. Ku tafi da mai gyaranku, ku nemi takardar shaidar ciniki da alkawarin canji na ƴan kwanaki. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su ma su sa baki a wannan alkawari. Ribar da aka ci da gaskiya ita ce mai dawo da mai saye. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.