Shakka Ba Hauka Ba Ce, Malam

Wani malami da wa'azinsa ya yi yawo a wayoyi bai zo da sabon abu ba. Cewa ya yi mumini na ƙwarai ba ya ciwon damuwa, kuma duk matashin da aka wayi gari ya bar sallah yana ta tambayoyi a kan addini, ɗayan biyu ne: ko kansa ya taɓu, ko aljani ya hau shi. Majalisi ya ɗauki kabbara. To, madalla. A zama ɗaya Malam ya sallami likitocin ƙwaƙwalwa daga aiki, ya kuma miƙa wa kowane uba izinin ɗaure ɗansa.

Ni musulmi ne, na faɗa tun yanzu don kada wani ya ɓata kuɗin datarsa wajen binciken aƙidata. Kuma musuluncin nawa ne ya sa wannan magana take ƙona mini rai, domin mun riga mun gwada ta a Kano, mun ga inda ta kai mu.

A shekarar 2014 Mubarak Bala, injiniya ɗan Kano, ya gaya wa iyalinsa cewa ya bar addini. Ba a zaunar da shi gaban malami an yi hujja da hujja ba. Sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano aka kai shi, ya yi kwana 18 a can ana ɗura masa magani, sai da wayar da ya samu a ɓoye ya sanar da duniya halin da yake ciki. A lokacin mahaukaci ne. A watan Afrilun 2020 'yan sanda suka kama shi a Kaduna saboda rubuce-rubucensa a Facebook, aka kawo shi Kano. A Afrilun 2022 babbar kotun jiha ta yanke masa shekara 24, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su biyar a 2024. Ikon Allah! Mutumin da bai da hankalin da za a saurari maganarsa a 2014, ya samu cikakken hankalin ɗaukar hukunci a 2022.

Ku zaɓi ɗaya mana. Ɗalibin da ya karanta Ahalari da Ishmawi ma ya san mahaukaci ba mukallafi ba ne: babu sallah a kansa, babu azumi, babu hisabi. In kun yarda wanda ya bar addini mahaukaci ne, to kun wanke shi tas, ku daina yi masa barazana. In kuwa mai hankali ne da zai amsa tambaya gaban Ubangijinsa, me ya kai shi gadon asibiti? Abin da muke yi shi ne riƙe sanduna biyu, mu doke shi da wadda ta fi kusa da hannu. Ko Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara, da rawaninsa da almajiransa, sai da kotu ta ba da umarni a duba ƙwaƙwalwarsa a asibitin Dawanau a 2021, aka ce lafiyarsa ƙalau, sannan aka yanke masa hukuncin kisa a Disambar 2022. Ba ina kare abin da waɗannan mutane suka furta ba ne. Ina nuna yadda asibitin ƙwaƙwalwa ya zama mana zauren jiran hukunci.

Amma bar batun waɗanda sunansu ya shiga jarida. Akwai wanda ba wanda ya san da shi, kuma shi ne abin tausayi. Yana cikin sahu tare da kai, kafaɗa da kafaɗa. Yana tashi sahur don kada mahaifiyarsa ta lura. Yana amsa “amin” a ɗaurin aure da zaman makoki, zuciyarsa kuwa wayam. Ya san ranar da ya buɗe baki aurensa ya mutu, gadonsa ya tafi, mai gidan haya zai ba shi notis, abokan ciniki za su koma shagon maƙwabci. Ya ga yadda aka kashe Deborah Samuel bisa zargin ɓatanci a Sakkwato a Mayun 2022, ya ga na Usman Buda mahauci a garin a Yunin 2023, wanda shi ma musulmi ne, bai tsira ba. Yana goge saƙonnin wayarsa kullum kafin ya kwanta. Mutum ya shekara biyar, goma, yana auna kowace kalma a gaban matarsa da 'ya'yansa, yaya barci ba zai ƙaurace masa ba? Yaya gabansa ba zai riƙa faɗuwa ba? Ranar da ya rame ya daina shiga mutane, sai mu nuna shi da baki mu ce: kun ga sakamakon barin Allah. Mu muka haddasa ciwon, mu kuma muke kafa hujja da shi.

Mace kuwa, nata ya ninka. Namiji zai iya fakewa da neman kuɗi ya tsere Abuja ko Legas. Ita ina za ta? Wa zai ba ta ɗaki?

Ya kamata a ce ɗakin likita ne wuri ɗaya tak da irin wannan mutum zai sauke kayan da ke kansa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa jaka zuwa Ingila da Saudiyya. A Arewa, in ka cire asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau, da sassan asibitocin koyarwa, sauran sai addu'a. To mutum ya sha layi ya samu ganin ma'aikacin lafiya, tambayar farko da zai iya ji ita ce: “Kana dai kula da sallah ko?” Shi ke nan, an rufe ƙofa. Zai ce eh, a rubuta masa maganin barci, ya koma gida da damuwarsa yadda ya zo da ita, domin bai da tabbacin cewa abin da ya faɗa ba zai riga shi isa gida ba. Likita, ba limanci aka ɗauke ka ba. Mai hawan jini ba ka tambayarsa ko yana kiyamullaili kafin ka ɗaura masa abin awo.

Su wa ke cin ribar wannan wa'azi? Buɗe rediyo da daddare ka ji. Masu ruƙiyya da masu kemis ɗin Musulunci sun saye fili, awa guda cur, suna lissafa alamomin shafar aljanu: yawan mafarki, faɗuwar gaba, ƙuncin rai, son kaɗaici, kasala wajen ibada. Wato duk abin da likita zai kira ciwon damuwa, su sun riga sun yi masa kwalba da farashi. Man habbatussauda, zuma, garin magarya, turaren hayaƙi, sai lambar waya har uku a ƙarshen shiri. Ban ce kada a yi addu'a ba, ban ce kada a sha zuma ba. Amma mutumin da yake rantsuwa a rediyo cewa kwalba ɗaya tana maganin sihiri da basir da rashin haihuwa da shakkar addini, ɗan kasuwa ne, kuma babu hukumar da ke tambayarsa. In kwalba ta gaza, sai bulala, wai aljanin ake duka. In bulala ta gaza, sai gidan mari. Mun manta da Rigasa? A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga gida ɗaya a Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, wata guda bayan haka aka buɗe wani a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna biyan kuɗin wata.

Na san abin da za a ce: wai ina buɗe wa ridda ƙofa, wai aikin Turawa ne da ƙungiyoyinsu. Wannan tsohuwar waƙa ce, an rera ta a kan allurar shan inna a 2003, muka ga yaran da suka gurgunce. Imanin da sai an tsare shi da sarƙa da allurar barci, masu shi ne suka raina shi.

Abin dariya ma, su wa ke raba takardar hankali da imani? Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 muke kafirta juna. An ƙi cin yankan juna, an raba masallatai, ɗa ya ƙi bin ubansa sallah, an kashe aure a kan kablu da sadalu da Salatul Fatihi. Ɗan ɗariƙa mushriki ne a wancan mumbari, ɗan Izala maƙiyin Annabi ne a wannan, ɗan Shi'a kuwa kowa ya haɗu a kansa. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Yaron da ya tashi yana jin manyan malamai suna jefa juna wuta a kaset, yanzu kuma a TikTok, in ya rikice ya ce bai san wa zai bi ba, shi ne mahaukacin? Malam, kafin ka nemo aljanin da ya hau shi, saurari wa'azinka na bara.

Doka dai ta yi magana. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da sauya shi. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wadda muka gada daga Turawan mulki, kuma sabuwar ta tanadi haƙƙin majinyaci da sharuɗɗan kwantar da shi ba da son ransa ba. Saɓa wa aƙidar iyaye ba ya cikin cututtukan da ake koyarwa a makarantar likitanci.

Iyaye, in ɗanku ya zo muku da irin wannan magana, ku yi masa nasiha, ku yi masa addu'a har ƙarshen ranku, wannan haƙƙinku ne. Amma ku bar shi ya ci abinci a gidanku, ku bar shi ya ga likitan da zai riƙe sirrinsa. Likitan da ya kwantar da lafiyayye don iyaye sun matsa, a kai ƙararsa gaban hukumar likitoci ta ƙasa a ƙwace lasisinsa.