Daga bugun zuciya zuwa wayar hannu: wa zai koyar da mu ilimin analog?

A 'yan shekarun nan, duk inda matasa suka taru a Kawo ko Unguwar Rimi ana hirar sana'ar gaba, za ka ji zancen ɗaya ne: koyon rubuta manhajar kwamfuta. Ba mu raina wannan ba. Sai dai akwai wani fanni da ba kasafai muke jin wani a cikinmu yana burin zama malaminsa ba, wato ilimin tsara da'irar lantarki ta analog.

Kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya. Bugun zuciya da sauti da zafi da haske kuwa hawa da sauka suke yi a hankali. Da'irar analog ita ce tafintar da ke tsakani: ta karɓi sigina daga jiki ko daga iska, ta ƙara masa ƙarfi, ta tace shi, sannan ta miƙa wa kwamfuta.

Mu ɗauki na'urar ECG da ake duba zuciya da ita a asibitoci irin su Barau Dikko. Lantarkin da zuciya ke aikowa saman fata bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba. Batirin tocila mai bolt 1.5 ya ninka shi kusan sau 1,500. Ga kuma wutar ɗaki da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, tana cusa hayaniyarta cikin wayoyin. Aikin injiniyan analog shi ne ya fito da wannan ɗan sigina tsaf, ba tare da wuta ta ja majiyyaci ba. Ilimin nan ne ke cikin na'urar ƙara ji da masu zuwa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna ke buƙata. Shi ne kuma ke ba wayarmu damar kamo raunannen sigina daga turken sadarwa.

Wani zai ce, tunda ana shigo da kayan daga waje, ina ruwanmu? Ga amsa. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun gano cewa ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin ta fi yin kuskure a kan baƙaƙen fata. Sau da yawa takan nuna komai lafiya alhali iskar ta yi ƙasa. Na'urar da haske take aiki, kuma launin fata yana shafar hasken. Ga zafinmu, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke zuwa tana ɗaukewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Muna da masu basira. Duk wanda ya shiga Panteka ya ga abin da hannun matasanmu ke iya ƙerawa. Amma tsara sabuwar na'urar asibiti yana buƙatar lissafi mai zurfi da ɗakin gwaji da shekarun bincike, kuma gidan waɗannan shi ne jami'a. Injiniya a kamfani na'ura yake ƙerawa. Malamin jami'a kuwa kowace shekara sababbin injiniyoyi yake yayewa.

To, ina hanyar? Ƙannenmu na sakandare ku riƙe lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci, domin su ake rubutawa a JAMB don karatun injiniya. Ana karanta injiniyan lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada, da AFIT ta sojojin sama a Mando, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda aka kafa a 1962. Digirin injiniya shekara biyar ne, sai bautar ƙasa. Mai kyakkyawan sakamako yana iya samun gurbin mataimakin malami, ya yi digiri na biyu da na uku, yana wallafa bincike yana hawa mataki har zuwa farfesa. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malaman manyan makarantun gwamnati.

Ba za mu ɓoye ba, hanyar tana da ƙaya. Albashin malami bai kai na babban kamfani ba, kuma ba mu manta yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ba. Analog ma kansa ba ya son gaggawa: da'irar da ta yi daidai a takarda tana iya ƙin aiki a kan tebur.

Duk da haka, ƙofa ta fi buɗewa a yanzu. Manhajar LTspice ta gwada da'ira kyauta ce. A 2020 kamfanonin Google da SkyWater sun saki bayanan fasaharsu ta nanomita 130 ga kowa, ta yadda ɗalibi a Kaduna zai iya zana guntun lantarki a kwamfutarsa, a ƙera shi a wata ƙasa.

Shawararmu ita ce, a hutun nan mu haɗu biyu ko uku, mu sayi amfilifaya mai lamba 741 da allon gwaji da mita, mu ƙara wa sautin makirfo ƙarfi. Idan ya ƙi, mu je wurin malami da tambaya. Waɗanda ke shirin aikin kammala karatu kuma, kafin ku zaɓi maudu'i ku tambayi ma'aikatan jinya wace na'ura ce ta fi ba su wahala.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.