A Kai Littafi Gungu Cikin Jirgin Ruwa

Hausawa sun ce ilimi gishirin zaman duniya. To, amma gishiri ba ya amfani yana ƙunshe cikin buhu a kasuwar birni, sai ya shiga tukunyar mai miya. Haka littafi yake. Abin da nake so in jawo hankalin jama'a a kansa shi ne, ƙasarmu ta Yauri tana bukatar laburare mai yawo, wanda zai riƙa bin mutane har inda suke, kuma a ganina jirgin ruwa ya kamata ya ɗauke shi.

Duk wanda ya san Yauri da Ngaski da Shanga ya san kogin Kwara shi ne babbar hanyarmu. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki da gungaye masu yawa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sāke musu mazauni. Wutar lantarkin da ruwan ya haifar ta haskaka Legas da Kano, har ta ƙetara Yamai. Jikokin waɗanda aka tasa kuwa, Gungawa da Sarkawa da Kambari da sauransu, suna nan a bakin tafki da cikin gungaye, suna su, suna noman albasa da shinkafa. Da damina akwai ƙauyukan da mota ba ta shiga, amma kwalekwale yana zuwa har bakin gari.

Mu da muke makarantar kwana mun ci sa'a, muna da ɗakin karatu da malamai. Idan muka koma gida hutu kuwa, mukan tarar da ƙannenmu da suka gama firamare har sun fara manta haɗa baƙi. Ba daƙiƙanci ba ne. Yaro ya koyi karatu, amma babu abin karantawa a gidansu, ko tsohuwar jarida. Wuƙar da ba a wasawa kuwa dole ta yi tsatsa. Gwamnati ta kashe kuɗi shekara shida a kan yaro, sa'an nan rashin littafi ya mai da wahalar banza.

Wannan shawara ba sabon abu ba ce. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, laburaren Jihar Arewa da ke Kaduna yana aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatu na En'e, in an karance a mayar, a aiko da wasu. A ƙasar Kenya, hukumar laburare ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma a yankin Garissa a 1996, domin 'ya'yan makiyaya. A Bangaladash, ƙasar da ambaliya ke addaba kowace shekara, wata ƙungiya mai suna Shidhulai ta fara amfani da jiragen ruwa a matsayin makaranta da laburare a 2002. Kowa ya yi da abin hawan da ƙasarsa ta ba shi. Mu namu jirgi ne, kuma bikin Rigata na Yauri ya isa shaida cewa ba mu rasa gwanayen tuƙi ba.

Ga yadda nake ganin za a yi. A sami jirgi mai inji guda ɗaya, da ma'aikaci ɗaya ko biyu. A zuba littattafai cikin akwatunan ƙarfe masu murfi, yadda ruwa da gara ba za su taɓa su ba. Jirgi ya tashi daga Yelwa, ya riƙa bin ranakun kasuwa, domin ranar ce jama'a ke taruwa. Kowane gari a ajiye akwati ɗaya a hannun hedimasta, da sanin dagaci da sarkin ruwa, bayan wata ɗaya a dawo a musanya. Kada a cika akwati da Turanci kawai. A sa su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da littattafan addini na boko da na ajami, da waɗanda ke bayanin adana albasa, da kyafa kifi, da rigakafin tsargiya da zazzaɓin cizon sauro. Magidancin da ya ga littafi ya amfane shi a gonarsa ba zai hana 'yarsa karatu ba.

Wani zai ce ruwa yana da haɗari. Gaskiya ne, ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, inda aka rasa rayuka masu yawa. Allah ya jiƙansu. Amma lodi fiye da kima shi ne babban abin da ke jawo irin wannan. Jirgin littafi ba ya ɗaukar fasinja, ba ya tafiyar dare, ma'aikatansa kuma su sa rigar kariya. Hasali ma zai zama abin koyi ga sauran matuƙa.

Wani kuma zai ce mutanen ƙauye za su ɓatar da littattafai. Lalle wasu za su yage, wasu su salwanta. To, wanne ya fi: littafin da ya tsufa a hannun yara ashirin, ko wanda ya shekara goma a kulle cikin kabad yana shan ƙura? Mutanen da ke karɓar bashin koma da ƙugiya su biya a kan lokaci, ba za su kasa riƙe amanar littafi ba.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Jihar Kebbi, da ƙananan hukumominmu uku, da Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa wadda aka kafa a 1989, tun da 'ya'yan masunta ma suna cikin aikinta, da su dubi wannan magana. Ina kuma roƙon iyayen ƙasa su sa baki. Mu ɗalibai ma kada mu naɗe hannu. Kowa ya kawo littafi ɗaya da ya gama da shi kafin a tafi hutu, mu cika akwatin farko da kanmu. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah ya sa mu dace, amin.