Wayarka ta ɗauki hoto, wa ta kira?

Ƴan'uwa ɗalibai, maganar nan da mu nake, mu masu manyan wayoyi. Idan mota ta kife a kan hanyar Damagaram zuwa Gure, kafin motar asibiti ta bar ƙofa, bidiyon ya riga ya zagaye WhatsApp. Uwa tana girki a Gure sai ta ga rigar ɗanta cikin jini a wayar maƙwabciya. Wai wannan shi ne "sanar da jama'a"? Wannan rashin imani ne, kuma rashin dabara ne.

Ku duba nisan. Daga Gure zuwa babban asibitin Damagaram ya haura kilomita 150 a kan RN1, ta Gidigir da Gidimuni da Mirriya. Wanda jini ke zuba daga cinyarsa ba shi da awa uku ta jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma hatsarin hanya ne ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato mu.

Wayar da ke ɗaukar bidiyon nan ta san inda kake tsaye. GPS ba ya buƙatar kiredi. Rezo kawai ake nema don aika wurin. Cikin WhatsApp ɗin nan akwai maɓallin tura wuri, taɓawa uku ya isa. Amma me ake ji? "Muna can gaba da garin kaɗan, wajen wata bedi." Bedi nawa ne tsakanin Gidigir da Gidimuni, don Allah?

Za a ce ai ba ko'ina ake da rezo ba. Gaskiya ne. To bidiyon da yake nauyi ta ina ya bi ya iso gari? Wanda ya iya hawa tudu don tura bidiyo ya iya hawa don kiran 18 ta ƴan kwana-kwana ko 17 ta ƴan sanda. Karanta lambar dutsen kilomita da ke bakin kwalta, faɗi mutum nawa suka ji ciwo, wa ke numfashi, wa ba ya motsi. Sannan mai da wayar aljihu, danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta, kuma kar a jijjiga wuyan wanda ya faɗi.

Su ma hukumomi akwai nasu. Kar a kawo mana manhaja mai tambaya goma da Faransanci. Makiyayin da ya fara isa wurin hatsari Barbarci yake ji, ko Fulatanci, ko Tubanci, ko Hausa, kuma saƙon murya ya saba da shi, ba rubutu ba. Tun 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa. A fara nuna haka a bakin wanda ke ɗaga wayar gaggawa. A ba asibitin Gure da jandarmomin hanya lamba ɗaya mai karɓar murya da alamar wuri, a rubuta ta a kowace tasha, a koya wa direbobi da ƴan kabu-kabu.

Kafin su motsa, wanda ya turo maka bidiyon hatsari, kar ka tura gaba. Tambaye shi: wa ka kira?